Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Hukumar TETFund: A Kai Sinadaran Gano Guba Bakin Rijiya

Zuwa ga Babban Sakatare da Kwamitin Amintattu na Asusun Tallafa wa Manyan Makarantu, TETFund, Abuja.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ranku ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto muku ne a matsayina na malamin ilimin sinadarai domin in roƙe ku abu guda. A cikin kuɗin binciken ƙasa da kuke raba wa jami'o'i, ku ware kaso na musamman domin gwada sababbin sinadarai masu ramuka da ke ba da haske, waɗanda ake fatan za su riƙa tona asirin guba da laima, a kan ainihin ruwan rijiyoyinmu da ƙasarmu da hatsinmu. Na yi wasiƙar da Hausa, na kuma sa ta a bainar jama'a, domin waɗanda ke shan ruwan da ake magana a kai su ma su san abin da ake nema da sunansu.

A ranar 8 ga Oktoba, 2025, aka sanar da cewa masana uku sun lashe kyautar Nobel ta ilimin sinadarai: Susumu Kitagawa na Jami'ar Kyoto a Japan, da Richard Robson na Jami'ar Melbourne a Ostireliya, da Omar Yaghi na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a Amurka. An karrama su ne saboda wani nau'in sinadari da masana ke kira MOF a taƙaice, wanda zan kira saƙar ƙarfe mai ramuka. Yadda aka ƙera shi ya yi kama da ragar kamun kifi: ƙwayoyin ƙarfe su ne ƙulle-ƙullen, dogayen ƙwayoyi masu ɗauke da kabon su ne zaren da ke haɗa ƙulli da ƙulli, sai dai wannan raga tana miƙewa ta tsawo da faɗi da zurfi, ta bar ramuka masu girma ɗaya a jere. Faɗin ramin yakan kasance nanomita ɗaya zuwa biyu, alhali kaurin gashin kai guda ɗaya ya haura nanomita dubu 50. Robson ya wallafa tunanin farko a 1989, sannan a 1999 Yaghi da abokan aikinsa suka fitar da MOF-5, wanda aka haɗa da tutiya da wani asid mai suna terefitalik. A ido farin gari ne kawai, amma idan aka lissafa faɗin bangon ramukan da ke cikin giram guda, ya kai kimanin murabba'in mita 3,000, wato giram huɗu sun haura hekta guda. Tun daga lokacin an haɗa dubun-dubatar irinsa.

Abin da ya shafi wasiƙar nan shi ne rukunin da ke ba da haske. Idan aka sa ƙarfen yurofiyam a gurbin ƙullin, garin yakan ba da jan haske mai kaifi idan an haska shi da fitila mai hasken ultrabayolet, irin ƙaramar tocilar da 'yan canji da ma'aikatan banki ke duba jabun kuɗi da ita. Idan tarbiyam aka sa, kore yake bayarwa. Waɗannan ƙarafa ba su iya kama hasken fitilar sosai da kansu. Zaren da ke kewaye da su ne yake kamawa ya miƙa musu ƙarfin, su kuma su fitar da shi da launinsu. To, duk abin da ya shiga ramin ya tsaya a kan hanyar wannan miƙawa zai sauya hasken, ko ya dushe shi, ko ya ƙara masa ƙarfi, ko ya juya launinsa. Ruwa misali ne mai sauƙin fahimta. Idan ƙwayar ruwa ta manne wa yurofiyam, rawar da mahaɗin iskar oksijin da haidirojin ke yi a cikinta tana zuƙe ƙarfin ta mai da shi zafi, sai jan hasken ya ragu. Tarbiyam bai cika jin wannan tasiri kamar yurofiyam ba, saboda haka idan aka cuɗa su biyu a saƙa ɗaya, yawan laima zai iya karkatar da launin daga ja zuwa kore, abin da ido ko kyamarar wayar hannu za su iya rarrabewa. Da wannan dabara ake sauya zaren, a maƙala masa abin da ke kama dalma ko zaiba ko fulorayid (sinadarin da yawansa a ruwan sha ke ɓata haƙori da ƙashi), a shafa garin a jikin 'yar takarda, a tsoma a ruwa, a haska.

Dalilin da ya sa nake ganin wannan ya shafe mu fiye da ƙasashen da suka ƙirƙiro shi yana Zamfara. A farkon 2010, mutanen wasu ƙauyuka a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum suka ga agwaginsu suna mutuwa, ba wanda ya san dalili. Ba a daɗe ba yara suka fara amai da jijjiga, ana ta ba su maganin zazzaɓin cizon sauro da na sanƙarau ba sauƙi, har sai da likitocin ƙungiyar agaji ta ƙasa da ƙasa mai suna MSF suka lura da yawan sababbin kaburburan yara, aka kai jini ƙasar waje aka auna, aka gano gubar dalma ce. Dutsen zinariyar da ake haƙowa yana ɗauke da dalma mai yawa, kuma a cikin gida ake dakansa a turmi, a niƙa shi a injin niƙan gari, a shanya a tsakar gida inda yara ke rarrafe suna kai hannu baki. Binciken da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta yi tare da jami'an lafiya na Nijeriya a ƙauyuka biyu ya nuna cewa yara 118 cikin 463 'yan ƙasa da shekara biyar sun rasu a cikin shekara guda, wato ɗaya cikin huɗu. Jinin yara da yawa ya wuce iyakar abin da na'urar gwajin tafi-da-gidanka ke iya karantawa, wato mikrogiram 65 a desilita. A wasu gidaje dalmar da ke cikin ƙasa ta haura kashi 100,000 cikin miliyan, a lokacin da Amurka ke ɗaukar 400 a matsayin iyaka a inda yara ke wasa. Fiye da yara 400 aka rasa a Dareta da Abare da Yargalma da Bagega da maƙwabtansu, Allah ya jiƙan su. Shekara biyar bayan haka, a 2015, abin ya sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, yara 28 suka rasu. A duk waɗannan wurare, watanni suka shuɗe tsakanin shigar guba da gano ta, kuma a cikin waɗannan watanni aka yi yawancin asarar.

A ƙetaren iyaka ma haka ne. A Tibiri, kusa da Maraɗi a Jamhuriyar Nijar, jama'a sun shafe shekaru tun daga tsakiyar shekarun 1980 suna shan ruwan famfo daga wata rijiyar burtsatse mai fulorayid ninki uku zuwa huɗu na miligiram 1.5 a lita da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade. Ruwan garai yake, ba wari, ba ɗanɗano. Sai da yara suka taso da haƙora masu tsatsa, ɗaruruwa kuma ƙafafunsu suka lanƙwashe, sannan aka gane. A nan gida an san irin wannan ɓacin haƙori a Kaltungo ta jihar Gombe da Langtang ta jihar Filato. Gwajin fulorayid ba sabon ilimi ba ne, kuma ba shi da wuya a ɗakin gwaji. Matsalar ita ce ɗakin gwajin yana babban birni, rijiyar tana ƙauye, kuma babu wanda ke ɗaukar kwalbar ruwa ya kai kafin wani ya kwanta.

Ranku ya daɗe, da wasiƙar talla ce da a nan zan ce an samu mafita. Ba a samu ba tukuna, kuma wannan ne ainihin dalilin roƙona. A 2015 masu bincike a Jami'ar Rutgers ta Amurka sun wallafa wata saƙa mai haske da ke gano afalatoksin B1, gubar da fumfuna ke bari a gyaɗa da masara, idan yawanta ya kai kashi 46 cikin biliyan. Aiki ne mai kyau, amma Tarayyar Turai ba ta karɓar gyaɗar ci idan wannan guba ta wuce kashi 2 cikin biliyan, Amurka kuma iyakarta 20 ce ga jimillar nau'o'in gubar. A shekarar da ta biyo baya wannan rukuni ya fitar da wata saƙar da ke gano zaiba a kashi 3.3 da dalma a kashi 19.7 cikin biliyan, alhali iyakar dalma a ruwan sha a ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya 10 ce. Ma'ana, rijiya na iya wuce iyaka kusan ninki biyu wannan gwaji bai ce uffan ba. An samu ci gaba tun daga lokacin, amma mafi yawan alƙaluman da ake wallafawa an same su ne a tataccen ruwan ɗakin gwaji wanda aka ɗiga wa guba guda ɗaya tak, a ɗaki mai sanyi, da na'urar auna haske mai tsada.

Ruwan rijiyarmu ba haka yake ba. Yana ɗauke da narkakken baƙin ƙarfe, musamman inda ƙasa take jan marmara, kuma baƙin ƙarfe yana dushe hasken mafi yawan waɗannan saƙe-saƙe, ta yadda gwaji zai iya cewa akwai dalma inda babu. Akwai laka da ruɓaɓɓen ganye da ke shanye hasken fitilar tun kafin ya isa ga garin. Akwai zafi: an nuna tun 2012 cewa cuɗanyar yurofiyam da tarbiyam tana sauya launi da sauyin zafi har ana amfani da ita a matsayin ma'aunin zafi, to yaya za a amince da launin da ta nuna a Gusau ko Sakkwato a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a inuwa, idan ba a gyara lissafin ba? Akwai kuma batun ƙarko. MOF-5 kansa yana rugujewa idan ya sha laimar iska. Sai a 2008 masana a Jami'ar Oslo ta ƙasar Norway suka fitar da UiO-66 mai ƙarfen zirkoniyam, wanda ke jure ruwa, amma shi ma gishirin fosfet, wanda takin zamani ke zubarwa a ruwa, yana cin sa. Babu wani ɗakin gwaji a Turai ko Sin da zai amsa mana waɗannan tambayoyi, domin ba shi da ruwan Bagega ko ƙurar hunturu. Mu ke da su, kuma wannan ne gurbin da jami'o'inmu za su iya cikewa har duniya ta amfana.

Dole kuma a faɗi inda waɗannan sinadarai ba su da hurumi. Gubar Zamfara mafi yawanta a cikin ƙasa da ƙura take, kuma na'urar hannu mai aiki da hasken eksire ita ce ta taimaka wa ma'aikatan kamfanin TerraGraphics da Cibiyar Blacksmith, masu aikin tsabtace muhalli daga Amurka, wajen gane gidajen da za a kwashe wa ƙasa. Takarda mai haske ba za ta maye gurbin wannan na'ura ba, ba za ta maye gurbin gwajin jini ba. Aikinta, idan ta inganta, shi ne ta zama gwajin farko mai araha a hannun ma'aikacin lafiya na ƙauye ko mai duba tsafta, wanda zai ce wannan rijiya, ko wannan kududdufin wanke zinariya inda ake cuɗa garin dutse da zaiba, na buƙatar a kai samfurinsa babban ɗakin gwaji yau, ba baɗi ba.

Haka batun laima yake. Manomi yakan ciji ƙwayar masara ya ji ko ta yi ƙaras, ko ya girgiza gyaɗa a kunne ya ji ko tana kaɗawa a cikin ɓawo, daga nan ya zuba a buhu. Wannan gwaji na haƙori da kunne yana kuskuren 'yan kaso kaɗan, kuma a cikin waɗannan 'yan kaso fumfuna ke samun wurin zama, domin masara na buƙatar laimarta ta sauka zuwa kimanin kashi 13 cikin ɗari, gyaɗa kuma wajen kashi 7 zuwa 8, kafin a adana. Afalatoksin na haddasa sankarar hanta, ya fi muni ga mai ciwon hanta nau'in B, kuma a 2004 ya kashe mutum 125 a Kenya ta hanyar gurɓatacciyar masara. Duk da haka, ba zan ba ku shawarar ku zuba kuɗi a kan saƙa mai yurofiyam domin auna bushewar hatsi ba, saboda akwai kati mai araha da Jami'ar Kalifoniya da ke Davis ta ƙirƙira, mai suna DryCard, wanda ke sauya launi a cikin rufaffiyar kwalbar hatsi ba tare da fitila ba. Inda saƙa mai haske za ta yi fice shi ne ɗan ruwan da bai kai a gani ba amma yake ɓata kaya: a man tiransifoma, da man jirgi da na mota, da sinadaran haɗa magunguna, da cikin kwalin maganin da ya daɗe a shago lokacin damina. A yau ana auna irin wannan ne da hanyar da Karl Fischer ya fitar a 1935, wadda ke buƙatar na'ura da sinadarai masu tsada da ƙwararren ma'aikaci. Ina ganin daga nan ya kamata a fara, domin shi ne mafi kusa da nasara, kuma akwai masana'antun da za su saya.

Abin da nake roƙo shi ne ku buɗe kira na musamman a ƙarƙashin Asusun Bincike na Ƙasa, wanda ba za a auna nasararsa da yawan maƙalu ba. Mu malaman jami'a mun san yadda tsarin ƙarin girma ke tura mutum ya haɗa wani sabon gari, ya gwada shi a tataccen ruwa, ya wallafa, ya wuce zuwa na gaba. Wannan kira ya sharɗanta cewa duk wanda ya karɓi kuɗi zai ɗauki saƙa biyu ko uku da aka riga aka sani, ya gwada su a kan samfuran ruwa na gaskiya da aka ɗebo a rani da damina, waɗanda wani ɗakin gwaji daban ya auna da manyan na'urori ya ɓoye sakamakon, sannan a kwatanta. A ƙirga sau nawa takardar ta ce akwai guba alhali babu, sau nawa kuma ta yi shiru alhali akwai, domin kuskure na biyu shi ne mai kisa. A ajiye takardun wata shida a ɗakin da babu na'urar sanyaya iska a sake gwadawa. Wanda ya dawo da rahoton cewa saƙa kaza ba ta aiki a ruwanmu, ya kawo hujja, a ɗauke shi a matsayin wanda ya cika alƙawari, a kuma wallafa rahotonsa.

Wannan ba zai yiwu ba sai da kayan aiki. Ba a iya tabbatar da cewa garin da aka haɗa shi ne wanda ake nufi sai an duba tsarinsa da na'urar eksire ta gari, an auna ramukansa, an auna haskensa, kuma ɗalibanmu da yawa suna tura samfur ƙasar waje su jira watanni, wani lokacin garin ya lalace a hanya. Maimakon a raba na'ura ɗaya-ɗaya ga sassa ashirin, ta lalace a rasa mai gyara, gara a tara su a cibiya ɗaya ko biyu da kowace jami'a za ta iya amfani da su, da wutar hasken rana mai batir, da yarjejeniyar gyara ta shekaru, da albashi mai kyau ga masu fasahar ɗakin gwaji, waɗanda su ne ke riƙe da irin waɗannan wurare ba farfesoshi ba. Tushe yana nan: a Zariya akwai Cibiyar Bincike da Horarwa kan Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello, wadda ke da ƙaramar tukunyar nukiliya ta bincike tun 2004 da ke iya auna ƙarafa da dama a ƙasa da dutse, akwai kuma cibiyar binciken fasahar sinadarai ta ƙasa, NARICT, a Basawa. Jami'ar Tarayya ta Gusau tana jihar da filin zinariya yake, Jami'ar Bayero tana kusa da kasuwar hatsi ta Dawanau, Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi kuma tana maƙwabtaka da Tibiri, kuma ya dace a nemi haɗin kanta.

Batun tsada ma yana da amsa da ya kamata a bincika. Yurofiyam da tarbiyam ƙarafa ne masu tsada da mafi yawansu daga Sin suke fitowa, ko da yake abin da takarda ɗaya ke buƙata bai kai ƙwayar gero ba. Asid ɗin terefitalik kuwa shi ne ginshiƙin robar gorar ruwa da lemo da ta cika magudanunmu, kuma masu bincike a Afirka ta Kudu sun nuna ana iya narkar da tsofaffin gororin a ƙera saƙa da su. A lura kuma cewa ruwan DMF da aka saba dafa waɗannan sinadarai a ciki yana cutar da hanta, saboda haka a fifita hanyoyin haɗawa da ruwa ko barasar ɗakin gwaji, a kuma tanadi yadda za a zubar da takardun da aka yi amfani da su.

Daga ƙarshe, ranku ya daɗe, a sa hukumomin NAFDAC da SON mai kula da ingancin kaya da NESREA mai kula da dokokin muhalli da ma'aikatun lafiya na jihohi a cikin aikin tun daga ranar farko, tare da sarakuna da shugabannin masu haƙar zinariya, kuma a rubuta bayanin yadda ake gwajin da Hausa, da boko da ajami. A Bagega an san akwai guba tun 2010, amma ba a fara kwashe gurɓatacciyar ƙasar garin ba sai 2013, bayan dogon jiran a saki kuɗi, kuma a duk tsawon lokacin likitoci ba su iya fara ba yaran garin maganin fitar da dalma ba, domin za su koma su sake shaƙar ƙurar. Saboda haka kowane aikin da za ku ba kuɗi ya zo da rubutacciyar yarjejeniya da ke faɗin wanda za a kira idan takarda ta nuna guba, da ɗakin gwajin da zai tabbatar cikin kwana nawa, da inda mutanen garin za su ɗebi ruwa kafin a gyara rijiyarsu. Ina roƙon a sa wannan kira a zagayen tallafin bincike mai zuwa, a kuma wallafa sharuɗɗansa yadda kowa zai gani.

Allah ya yi muku jagora, ya ba ku ikon sauke nauyin da ke wuyanku.

Naku cikin girmamawa,
Malamin ilimin sinadarai, Zariya.